Saƙon da Na Ƙi Kaiwa

Abubuwa da yawa na zamana a London sun riga sun goge a kaina, har da fuskokin wasu da muka yi shekara muna zama aji ɗaya a Aldwych. Amma akwai wata Asabar ta lokacin zafi da muka wuni a bayan gari muna wasan laka da lilo da ruwa, wadda na san ko tsufa ya kama ni ba zan manta da ita ba. Ba wasan ne ya sa ba. Wasan dai an yi, an jiƙe, an koma gida da ciwon kafaɗa.

Ni ce auta a ɗakinmu, Yaya kuma shi ne ɗan fari, kuma a gidansa na zauna a Barking lokacin da nake karatu. Duk wanda ya tashi a irin gidajenmu ya san kunyar da ke tsakanin uwa da ɗan farinta, sai dai ta Hajiya, mahaifiyarmu, ta wuce ta kowa. Ba ta taɓa kiran sunansa ba. Ba ta kallonsa ido da ido, ba ta yi masa magana kai tsaye. Tun da aka yaye shi kakarmu ta ɗauke shi, kuma in baƙuwa ta tambayi Hajiya ko ɗanta ne, sai ta ce ɗan gidan nan ne, ta shiga wata maganar. In ya zo gaishe ta, ya durƙusa a bakin ƙofa, ita kuma ta amsa tana kallon bango. Duk abin da ya wuce gaisuwa sai an samu na uku. "Ce wa mutumin nan abincinsa yana hucewa." "Ce wa Hajiya na gode." Suna ɗaki ɗaya, kowa yana jin kowa, amma sai maganar ta bi ta kan wani. Da na yi wayo sai aikin ya faɗo kaina, tunda auta ba ta jin kunyar kowa. Na riƙe shi kuwa hannu biyu, har ina ganin in babu ni gidan ba zai tafi daidai ba.

A shekarar da nake ba da labari Hajiya ta zo mana ziyarar wata guda, don ta ga ƙaramar 'yar Yaya da aka sa wa sunanta, wadda muke kira Hajiya ƙarama. Abin da ba ta sani ba shi ne, kafin ta sauka da 'yan makonni likitoci sun gaya wa Yaya cewa wata ƙofa a zuciyarsa ba ta rufuwa daidai, kuma sai an buɗe ƙirjin an gyara. Har an sa rana a watan da zai kama. Daga matarsa, wadda nake kira Anti, sai ni muka sani.

Wata safiya ina wanke kofuna ya shigo kicin ya tsaya yana juya cokali a shayin da ya riga ya huce.

"Auta, ke za ki gaya mata."

Na ce, "Yaya, na kai saƙon abinci, na kai na tafiya, na kai na haihuwar 'ya'yanka. Wannan kam ba zan kai ba."

"To ta yaya kike so in yi?"

"Da baki, kamar yadda kowa yake yi."

Ya dube ni kamar zai yi faɗa, sai kuma ya ajiye kofin ya fita. Gaskiya rabin ƙin da na yi tsoro ne, don ban san yadda fuskar Hajiya za ta yi ba, kuma ba na son in zama wadda za ta gani. Ɗaya rabin kuwa na yi tunani a kai. Abin da yake bukata ba sanarwa ba ce kawai. Yana so ya nemi yafiyar mahaifiyarsa kafin a kwantar da shi, kuma wannan ba abin da ake aike ba ne. In ta hau jirgi ba ta sani ba, aka shiga da shi bai fito ba, to sun rabu ke nan, shi bai roƙa ba, ita ba ta yafe da bakinta ba.

Kwanaki suka yi ta tafiya. Kullum zai dawo daga aiki ya durƙusa ya gaishe ta, ya ɗan daɗe a durƙushen, sannan ya tashi. Har aka zo Asabar ɗin ƙarshe, jirginta kuma Talata.

Fitar nan tun hutun baya ya yi wa manyan yaransa biyu alkawarinta, tun kafin maganar asibiti ta taso. Wani wurin wasanni ne a bayan gari, inda ake sayar wa mutum wahalar wuni guda: da safe mota a cikin daji, sannan lilon igiya, da yamma kwalekwale. Anti ta ce a fasa, shi kuma ya ce, "Na riga na yi booking, kuma yara sun sa rai." Hajiya ta yarda ta bi mu da sharaɗi ɗaya, a ba ta wurin zama da jakunkuna. Ta fito da rigar sanyi a ƙarƙashin mayafi, a ranar da mutanen unguwa suke kukan zafi.

Motar dajin ce kaɗai muka shiga gaba ɗaya, ban da Anti da ta tsaya da jinjira, wato Hajiya ƙarama. Wata tsohuwar mota ce mai manyan tayoyi, babu gilashi, wani dattijon Bature yana ja. Ya bi da mu ta cikin itatuwa, ya hau tudu har muna ganin sama kawai, ya gangara cikin taɓo, yara suna ihu. Hajiya ta kama ƙarfen gabanta da hannu ɗaya, ko gezau. Can ta juyo wajena.

"Yanzu wannan biya aka yi?"

Na ce biya aka yi.

"Ai hanyar garinmu ce da damina. Ce wa mutumin nan in dai wannan yaransa suke so, ya kawo su a watan Agusta, kyauta ne."

Na faɗa masa, ko da yake a gefenta yake zaune. Ni na shirya zaman haka, na cusa yaran a baya na bar masa kujerar kusa da ita. Da motar ta tsaya a kan wani tudu don mu ga fili, na ga ya gyara zama, ya buɗe baki, har na ji ya ce, "Hajiya." Sai direban ya saki birki, muka faɗa wani kududdufi, laka ta watso mana har cikin baki. Da muka fito daga ciki Yaya yana goge tabarau da bakin rigarsa, kuma bai sake cewa komai ba.

Lilon igiya kuwa hasumiyar katako ce doguwa, an ja igiyar ƙarfe daga samanta zuwa ƙetaren wani tafki. A ɗaura wa mutum ɗamara a cinya da ƙirji, a rataye shi, ya zame ta sama har wancan gefen. Muna layin karɓar ɗamara wata yarinya mai aiki a wurin ta ɗaga murya ta ce duk mai ciwon baya, ko mai juna biyu, ko mai matsalar zuciya, kada ya hau. Ta faɗa ne da sauri irin na wanda ya saba faɗa kullum. Yaya ya riga ya sa ƙafa ɗaya a ɗamarar. A hankali ya zare ta ya rataye a inda ya ɗauko.

"Ku je, ni zan yi muku video daga ƙasa."

Ɗansa ya tsaya ya ce, "But Dad, you said you'd go first." Wato ai shi ya ce zai fara hawa. Yaya ya ce masa da Hausa dole wani ya tsaya ya ɗauki hoto, ya tura shi gaba. Na waiwaya na dubi Hajiya. Tana zaune a benci tana ɓare wa jinjira ayaba, kuma tunda ba ta jin Turanci na ɗauka abin ya wuce ta.

Na hau ina cewa a raina ga dama ta samu. Da na kai sama na leƙo, sai na ga mutum uku a ƙasa. Na manta da Anti. Tana tsaye a tsakaninsu da yarinya a kafaɗa, kuma daga yadda take juya kai dama da hagu na san aikina take yi. Haushi ya sa ban ma ji tsoron tsalle ba. Na zame ta saman tafkin nan iska tana cika mini hijabi, ina zagin sakarcina, har na dira a kan tarin ɓawon itace a wancan gefen da mazaunai.

Bayan azahar muka shimfiɗa tabarma a ciyawa muka ci shinkafa da kaza da kilishin da Hajiya ta zo da shi. A wurin alwala na tare Anti.

"Anti, ke ma za ki shiga kwalekwalen nan."

"Ni da ban iya ruwa ba?"

"Ni ma ban iya ba. In kin zauna, ta kanki za su yi ta bi har Talata."

Ta matse ruwa daga hannun rigarta. Idonta ya kawo ƙwalla, ta ce, "Kin san ko barci ba ya yi?" Na ce na sani. Ta ce to, amma in ta nutse alhakinta yana wuyana.

Kogin nasu ba kogin Allah ba ne, ginawa aka yi da siminti, injuna suna turo ruwa da ƙarfi ta kan duwatsun roba. Yana zagayawa ne, in kwalekwale ya kai ƙasa wani bel da inji yake ja ya ɗaga shi ya mayar da shi sama, a sake. Aka ba mu baƙaƙen rigunan roba masu kama jiki, ni da Anti muka ɗora dogayen riguna a kai, sannan rigar da ke hana nutsewa, sannan hular kwano a kan hijabi. Hajiya ta dube mu sama da ƙasa ta ce Allah ya shirya. Yaya ya ce shi zai tsaya da kaya. Jinjira ta yi barci a kekenta na turawa, Anti ta tura keken gaban wani benci da ke kallon ruwa, ta bar su a nan ba ta waiwaya ba.

Mai ja mana kwalekwale wani saurayi ne mai dogon gashi. Ya koya mana riƙe filafili, ya ce in ya ce gaba a tuƙa, in ya ce ƙasa kowa ya faɗa tsakiya, in kuma mutum ya faɗa ruwa ya kwanta rigingine ya sa ƙafafu gaba ya jira igiya. Na ce to, amma rabin hankalina yana kan benci.

Zagayen farko da muka wuce ta gabansu, Yaya yana wannan ƙarshen bencin, Hajiya tana wancan, keken yarinya a tsakiya. Zagaye na biyu ma haka, shi yana kallon waya, ita tana jan carbi. Na ji kamar in jefe shi da filafilin. Mutum mai mata da 'ya'ya uku, wanda yake tsayawa gaban Turawa ya yi musu bayani a wurin aiki, ya kasa haɗa jimla ɗaya a gaban tsohuwar da ko kafaɗarsa ba ta kai ba. A zagaye na uku na miƙa wuya don in ga ko an samu canji, daidai lokacin da saurayin nan ya ce ƙasa. Kowa ya faɗa tsakiya, ni kuma na faɗa waje.

Sanyin ruwan ne ya fara dukana, sannan duhu da ƙara. Duk abin da aka koya mana ya gudu. Na sha ruwa, na ga sama, na sake shan ruwa, kuma abin da ya zo mini a rai shi ne, in na mutu a kogin siminti mutanen garinmu ba za su gama dariya ba. Rigar hana nutsewar ta ɗago ni, wani daga bakin gaɓa ya jefo igiya ta faɗo mini a fuska, na kama, ya jawo ni kamar buhu. Ya tambaye ni ko lafiya, na ɗaga masa kai ina tari. Ya nuna mini wata siririyar hanya ya ce in bi ta zuwa sama in jira kwalekwalenmu.

Hanyar ta bi ta bayan bencin ne, wani gajeren shinge na ganye ya raba mu. Ƙarar ruwa ta rufe takuna. Da na zo daidai su sai na ga Yaya ba ya kan benci. Ya sauko ya durƙusa a kan tsakuwa a gefen keken, ya dafa hannunsa, yana kallon 'yarsa da ke barci baki buɗe. Da ita yake magana. Na tsaya.

"Hajiya ƙarama, ce wa Hajiya likitoci sun duba ni. Ce mata sun ce akwai wata ƙofa a zuciya da ba ta rufuwa, sai sun buɗe sun gyara. Wata mai zuwa ne. Sun ce ana yi ana tashi, amma sun ce in sanar da nawa."

Ya tsaya ya ja numfashi. Yarinyar ko motsi ba ta yi ba.

"Ce mata ina roƙon ta yafe mini. Abin da na sani da wanda ban sani ba."

Hajiya ba ta juyo ba. Carbin ya tsaya a hannunta. Ta daɗe tana kallon ruwa, har wani kwalekwale ya wuce da mutanensa suna ihu. Sannan ta sunkuya ta gyara wa yarinyar bargo a ƙafa.

"Takwara, ce masa na sani."

Yaya ya ɗago kai, ya sake sunkuyarwa.

"Ce masa tun ranar da na sauka na ga yana hutawa a tsakiyar bene, benen da bai kai ya kawo ba. Ce masa na ga ya sa ƙafa a ɗamarar can ya cire. Ba na jin Turanci, amma ido bai mutu ba. Jira nake in ga ko zai bar ni in hau jirgi."

Muryarta ba ta canza ba, da ita take aiken a sayo mata goro. Ta ci gaba.

"Ce masa bai yi mini komai ba. In ma ya yi, na yafe duniya da lahira." Ta mayar da ido kan ruwa. "Ce masa ni na haife shi, in bai sani ba. Kwana biyu na yi a kan gwiwa."

Ban taɓa jin ta faɗi haka ba, kuma na tabbata shi ma bai taɓa ji ba. Hawaye suka zubo masa. Ita kuwa ta ɗaga tafin hannunta ta yi addu'a mai tsawo a ciki, ta tofa, ta shafa wa yarinyar a fuska. Ragowar ta miƙa hannu ta shafa a kan Yaya, tana kallon wani wajen, kamar mai goge hannu a abin da ya fi kusa. Hannun ya daɗe a kan kansa fiye da yadda gogewa take bukata.

Ni dai ina tsaye ruwa yana ɗiga daga jikina, ina kuka, kuma na gode Allah da fuskata ta riga ta jiƙe. Ina shirin sulalewa sai na ji ta ce, ba tare da ta waiwayo ba, "Ke kuma tsayuwar me kike yi a nan kamar kazar da aka tsamo daga rijiya?"

Na zagayo na ce faɗawa na yi.

"Na gani. Ana ce miki ki kalli gabanki kina kallon mutane." Ta ciro tawul daga jaka ta miƙo mini. "Ce wa mutumin nan a ɗaga tafiyata."

Na juya wajen Yaya, wanda yake taku ɗaya daga ita, na ce Hajiya ta ce a ɗaga tafiyarta. Ya share fuska da hannun riga ya ce in ce wa Hajiya za a yi. Na faɗa mata. Sannan na koma kwalekwale, don saura zagaye ɗaya kuma yara suna kirana. Anti ta kalli fuskata kawai ta gane, ta sunkuyar da kai a kan filafilinta.

A hanyar komawa cunkoso ya riƙe mu kafin mu shiga Barking, yara suka yi barci a baya da laka a kunnuwansu, babu wanda ya tayar da maganar. An yi aikin a watan da aka ce, Allah ya sa an dace. Hajiya ta zauna har sanyi ya shigo, tana dafa masa kunu tana ba ni in kai, tana tambayata ko ya sha alhali tana jin ƙarar cokalinsa. Har yau ba ta kira sunansa ba, har yau ta kaina ko ta kan Anti suke bi. Hajiya ƙarama ta girma ta shiga makaranta, tana amsa Hausa da Turanci, kuma ba ta san ta taɓa kai wani saƙo ba.

A da ina ganin kunyar nan wani bango ne da ya raba su, ni kuma ƙofa. Ranar na gane cewa duk shekarun da take kallon bango, shi take gani, har da inda yake tsayawa ya huta a bene. Tun daga nan na daina auna ƙaunar mutum da yawan abin da ya furta. Na kuma koyi cewa in saƙo ya yi nauyi, mai shi ne ya kamata ya kai, ko da ta hanyar da shi kaɗai ya iya. Ni da nake taƙama in babu ni ba za su yi magana ba, a rana mafi girma jinjira mai barci ce ta riƙe mini aikin, kuma ta fi ni iyawa, don ba ta sa musu baki ba.